Wa ya raba ƙannenmu da soro?

In kai ɗan cikin gari ne, Yakasai ko Mandawari ko Jakara, ba sai an gaya maka abin da ke biyo bayan ihun "NEPA!" da yamma ba. Kowa ya ruga soron gidan da ke da gem, a jona shi a talabijin mai ƙeya, a hura kaset da baki, sai ga Mario da jar hularsa. A jikin kaset an rubuta wasa 9999, amma ka san guda nawa ne, maimaici ne kawai.

Abin da da yawanmu ba su sani ba: gem ɗin ya girme mu nesa. Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Super Mario Bros. a 1985, Shigeru Miyamoto ya ƙirƙiro shi. Duniya 8, mataki 32, duka a cikin kilobayit 40 kacal, bai kai hoto ɗaya na WhatsApp ba. Gashin bakin ma dabara ce: allon ba zai iya zana baki ba, sai aka rufe wurin. Mu kuwa jabun injin muka samu, na China, wanda adaftarsa ke zafi kamar dutsen guga.

To me muke kewa? Ba laimar kwaɗi da kunkuru ba. Layi muke kewa. Rai uku gare ka, in sun ƙare ka miƙa fad ga na kusa da kai, ko ɗan waye kai. Yara goma, fad biyu, ga masu ba da shawara ba a tambaye su ba. In an kira magariba, mai gidan ya zare waya, shi ke nan. Kuma gem ɗin yana da ƙarshe: ka ka da Bowser, ka ceto gimbiya, ka tashi.

Yanzu duba wayar ƙaninka. Yawancin wasannin da ke ciki ba a yi su don su ƙare ba. Talla bayan talla, "sayi rai", "sayi zinare", data na zuba, yaro shi kaɗai a ɗaki har tsakar dare. Wasu tallace-tallacen na caca ne tsirara. A 2024 Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano, amma wa zai garƙame wanda ke cikin aljihu?

Ba na cewa a koma talabijin mai ƙeya, ni ma ba zan iya ba. Amma mu yayye ne ke saka musu wasannin nan, mu ke ba su wayar don su ƙyale mu mu yi TikTok. Ranar Alhamis ɗin nan da babu makarantar allo, karɓi wayar ka ga me yake bugawa. Kashe data, kira yaran maƙwabta, wanda ya faɗi ya miƙa. In ya yi kuka, ka tuna yadda kai ma ka yi a mataki na 8-1.