Kaskon Gawayi a Ɗaki: Na'urar da Cikin Birnin Kano Ke Buƙata da Hunturu

Da zarar hunturu ya kankama, gidaje da yawa a Yakasai, Koki da Dala sukan shigar da kaskon garwashi ɗaki, a rufe ƙofa da taga a kwanta. Ɗumin da daɗi, amma gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari balle launi. Wani ya tashi da ciwon kai da jiri, wani kuwa barcin ke nan.

Hitar lantarki ba mafita ba ce inda wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama. Sauya makamashi kaɗai ma bai isa ba: a 2019 Ulan Bato, babban birnin Mongoliya, ya hana ƙona ɗanyen kwal, aka koma curarre. Hayaƙin gari ya ragu, amma wannan iska ta kashe mutane cikin gidajensu.

Ya kamata dillalan kayan lantarki na Sabon Gari su shigo da ƙaramar na'ura mai batir da ke kururuwa idan gubar ta taru. Kafin ta wadata, a fitar da kasko tsakar gida kafin a kwanta.