Bakin Caja Ya Shiga, Ba Shi Ke Nan Ba



Abin da ya same mu bana ne ya sa muka ɗauki alƙalami. A gidan su ɗaya daga cikinmu akwai akwatin wifi wanda yayansa ya sayo, nan muke taruwa da dare mu sauke darussa mu yi bita. Ana saura mako biyu jarrabawa, wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, cajar akwatin ta mutu. Sai waninmu ya ce ai ga cajar kwamfutar Yaya nan, bakinsu ɗaya. Muka soka, ta kuwa shiga daram. Fitilun suka haska sau ɗaya, sai warin ƙuna. Ashe ta kwamfuta volt 19 take bayarwa, akwatin kuma 12 yake so. Da asarar caja ce, muka mayar da ita asarar akwati.

Abin kunyar shi ne, komai a rubuce yake a ƙarƙashin akwatin. Mu da Malam ya koya wa cewa ɗigo ɗaya ke raba ra da zai, wai mu ne muka kasa duba lamba biyu!

To ga abin da muke ganin ya wajaba a duba kafin a biya kuɗi. Lambar da ke da V, wato volt, dole ta zama iri ɗaya da ta akwatin: in 12V ne to 12V, in 9V ne to 9V. Nan babu ciniki. In ta wuce ta ƙona, in ta gaza akwatin ya ƙi tashi ko ya yi ta mutuwa yana farfaɗowa.

Lambar A, wato ampa, ita ce mutane ke tsoro a banza. In akwatin 1A yake so, aka samu caja mai 2A, ba komai, abin da yake buƙata kaɗai zai ja. Wadda ta gaza ce matsala: za ta yi zafi, intanet ya riƙa yankewa, a yi ta zagin kamfani alhali ba shi da laifi.

Akwai kuma ɗan zanen nan mai + da −. Yawancin akwatuna + a tsakiyar baki yake, amma a duba, kar a yi zato. Haka girman bakin: mai milimita 2.1 da mai 2.5 ido ba ya raba su, sai an gwada an ji ko yana girgiɗi.

Don Allah iyayenmu, in za ku aike mu kasuwa, ku ba mu tsohuwar cajar mu tafi da ita, ko a ɗauki hoton rubutun a waya. Mai shago zai ce "duk ɗaya ne, kai dai tafi da ita." Ba akwatinsa ba ne.

Mu dai da datar waya muka ƙarasa bita, kuma har yau Yaya bai sayo wani ba.