Labarin Da Ke Zuwa Bayan Ruwa Ya Ci Gida

Muna so mu yi magana a kan inda muke samun labarin sauyin yanayi, gama abin da mutum yake saurara kullum, shi ne yake zama saninsa.

Binciken da ƙungiyar Afrobarometer ta yi a 2022 ya nuna cewa 'yan Najeriya 3 ne kawai cikin 10 suka taɓa jin maganar sauyin yanayi. A wannan shekarar kuwa ambaliya ta kashe mutane fiye da 600 a ƙasar nan. Mun ga hotunan a wayoyinmu, mun yi juyayi, amma kaɗan ne cikinmu suka ji dalili.

Ga misali daga ƙofar gidanmu. Idan damina ta yi nisa, saƙo yakan zagaya a WhatsApp cewa Kamaru za ta saki ruwan madatsar Lagdo, sai hankalinmu ya tashi a nan Kudenda. Amma Lagdo tana kan Kogin Binuwai ne, ruwanta kuwa yana bi ta Adamawa, Taraba da Binuwai zuwa Lokoja. Kogin Kaduna daga tsaunukan Filato yake tasowa. Abin da ke cika shi ruwan sama ne da ake yi a can da kuma nan. Muna tsoron ruwan da ba ya zuwa wurinmu, mun kuwa manta da wanda yake zuwa.

Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Hayaƙin fetur, gas da gawayi, da saran itatuwa, suna ƙara ɗumamar duniya. Iska mai zafi tana ɗaukar danshi da yawa, kusan kashi 7 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi. Shi ya sa ruwa yakan sauko da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Idan ya tarar da magudanai cike da leda, da gidaje a bakin kogi, ina zai bi? Bidiyon minti ɗaya ba ya faɗin wannan, domin abin tsoro ne yake saurin yaɗuwa.

Labarin da zai taimake mu yana nan. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana bayyana wuraren da ke cikin haɗarin ambaliya kafin ruwa ya kankama. Gidajen rediyo irin su Rediyon Najeriya Kaduna da BBC Hausa sukan kawo irin waɗannan labarai da harshen da muke ji. Sai dai matasanmu da yawa sun bar rediyo, iyayenmu kuma suna karɓar duk abin da yara suka karanta musu daga waya.

Saboda haka muna roƙon dattawa abu uku. A zaɓi matashi ɗaya mai hankali a kowace ikilisiya da zai riƙa bin hasashen hukuma. A karanta shi lokacin sanarwa ran Lahadi, kamar yadda ake sanar da aure. Kafin kuma wani ya tura saƙo, ya tambaya: wa ya faɗa, yaushe, a kan wane kogi?

Rigakafi ya fi magani. Ubangiji ya ba mu hikima.