Kamera ba ta da hankali, mai riƙe da ita ke da shi

A shekara ta 1975 aka yi kokowar ƙasa ta farko a Tawa. A wannan shekara ce kuma wani injiniya na kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya haɗa kamerar dijital ta farko, wadda ba ta bukatar fim. Nauyinta ya fi kilo 3, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta ajiye hoto guda. Yau jikokinta sun cika gidajenmu, amma da yawa daga cikinmu mun bar su a kan Auto, mun sakar musu ragama. A ganina wannan sakaci ne, kuma tarihin zuri'armu ne yake biyan kuɗinsa.

Ga dalili. A sunan ɗan ƙanena an ɗauki kakanmu hoto da tsakar rana, yana sanye da farar riga da rawani. Rigar ta fito tas, fuskar kuwa baƙi ƙirin. Bayan wata biyu Allah ya yi masa rasuwa. Hoton ke nan da ya rage mana. Laifin ba na kamera ba ne. Ita haske take aunawa. Da ta ga farin tufa sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage shi, inuwar rawani kuma ta rufe fuska. Da mai ɗauka ya tilasta wa fitilar walƙiya, wato filashi, ta haska, ko ya ƙara haske da ma'aunin da ke da alamar + da −, da yau muna duban idon tsoho.

Abin mamaki, inda filashi ba ta da amfani, can muke kashe mata batir. Ku dubi filin kokowa da almuru: walƙiya ta ko'ina daga wurin zaman ƴan kallo. Alhali kuwa ƙaramar filashin da ke jikin kamera ba ta cika wuce mita 3 zuwa 5 ba, kuma in nisa ya ninka, hasken da ke isa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙeyar na gabanka za ka haska, ƴan kokowa su zauna cikin duhu. In lokacin hunturu ne, ƙurar da ke yawo gaban gilashi ta fito fari-fari a hoto kamar ƙanƙara.

Haruffan da ke kan ɗan faifan sama ba ado ba ne. A kan P, kamera tana auna haske amma ta bar maka hukuncin filashi. A kan S ko Tv, kai ke zaɓen saurin ƙiftawa: kashi 1 cikin 500 na daƙiƙa yakan tsayar da kaye a sama, muddin akwai isasshen haske. A kan A ko Av, kai ke buɗe ƙofar haske: lamba ƙarama kamar 2.8 tana fito da fuskar amarya, ta dusashe taron da ke bayanta. A kan M, kome yana hannunka.

Wani zai ce ai don sauƙi aka yi Auto. Gaskiya ne, kuma da safe ko da la'asar a fili takan wadatar. Amma ba ta san dattijo ba, ba ta san masallaci ba, ba ta san jinjiri yana barci ba. Walƙa wa mutum haske a ido ba da izninsa ba rashin ladabi ne, kuma alamar kibiyar walƙiya mai gicciye tana nan domin a kashe ta.

Littafin bayanin da ke zuwa da kamera, da Faransanci ko Ingilishi yake. Ya kamata gidajen rediyo da tsofaffin masu hoto na Maraɗi, Damagaram da Yamai su bayyana waɗannan abubuwa da harsunan ƙasa. Kafin nan, kowa ya gwada a tsakar gidansa tun biki bai zo ba. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma wannan duhu babu filashin da ke kore shi.