Tulu da Ruwa: Amsa ga Masu Cewa Ruhaniya Ta Ishe Su

Ƴan'uwana cikin Almasihu, wata magana ta shiga bakin samarinmu, ni kuwa ba zan yi shiru a kanta ba. Kwanan baya na gamu da wani saurayi wanda ni da kaina na shirya shi domin baftisma. Na tambaye shi abin da ya hana shi zuwa sujada. Sai ya ce, "Malam, ni yanzu ruhaniya nake bi, na bar addini. Allah yana cikin zuciyata, ba ya cikin gini."

Bari in fara ba shi gaskiyarsa. Ruhaniya ita ce zaman mutum da Allah a ɓoye: tuba, addu'a, da bin jagorar Ruhu Mai Tsarki. Addini kuwa shi ne abin da ido yake gani: taron Lahadi, baftisma, Jibin Ubangiji, baiko, da koyarwa. Ruhaniya ruwa ce, addini tulu ne. Mu manya mun sha ɗaukar busasshen tulu a ka muna taƙama. Muna raira waƙa da safe, da yamma muna gulma da rigimar kujerar dattijo. Irin wannan ne Yesu ya tsauta wa Farisiyawa a kai. Idan yaro ya leƙa tulunmu ya tarar babu ruwa, laifin wa?

Amma wa ya taɓa ɗebo ruwa daga rijiya a tafin hannu ya kai gida? Wanda ya fasa tulu domin ya ga tsaga a jikinsa, ƙishirwa za ta koya masa hankali. Yesu kansa yakan shiga majami'a ran Asabar, kamar yadda Luka ya shaida. Da ya ga an mai da Haikali kasuwa, bai ƙaurace masa ba, tsarkake shi ya yi. Ran Fentikos ma, masu bi suna tare wuri ɗaya ne Ruhu ya sauko, aka kuma yi wa mutum wajen 3,000 baftisma a ranar. Ashe Ruhu tara mutane yake yi, ba ya warwatsa su.

Mu a Nijar mun gani da idonmu. A watan Janairu na 2015 aka ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai. Gaskiya ne, Allah bai ƙone tare da gini ba. To, amma me masu bi suka yi? Kowa ya shige ɗaki da ruhaniyarsa? A'a! Sun ci gaba da taruwa suna sujada, suna ta'azantar da juna, suna yi wa waɗanda suka cuce su addu'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ɗana, ruhaniyar da babu mai tsauta mata, ƙarshenta mutum ya bauta wa son ransa yana tsammani Allah ne. Wa zai gaya maka ka yi kuskure? Ranar ciwo wa zai zauna a gefen tabarmarka? Komo gida. Idan ka ga tulun ya bushe, zo mu tafi rijiya tare.

Ubangiji ya cika mu da Ruhunsa, ya kuma riƙe mu cikin Ikkilisiyarsa. Amin.