Wasiƙa daga Doka: Hoton farar riga da ya tayar da ƙura

Na zauna ne da niyyar yin magana kan farashin riɗi, sai wani hoto ya sha gabana. Duk wanda ke zaurukan WhatsApp na Hausawan Gadarif ya gan shi: yarinya 'yar shekara takwas, farar riga har ƙasa, farin mayafi, ta haɗa hannu biyu tana murmushi. Ba zan faɗi gidan ba, wanda ya sani kuma don Allah ya kame bakinsa.

Uban namu ne, falke ne mai kai kaya Gallabat ya tsallaka Metema, wani zubin sai ya yi wata uku bai kwana gida ba. Uwar 'yar Katolika ce, iyayenta daga Kudu suka zo aikin gona tun kafin a raba ƙasa a 2011. Aure ne na halal, sun shekara goma ba wanda ya ji kansu. Yana can bakin iyaka aka kai yarinyar cocin kakarta ta karɓi abin da suke kira munawala da Larabci, wato cin Jibin Ubangiji karo na farko. Shi ma a waya ya gani.

Kafin ya iso Doka an riga an yanke masa hukunci a wurin mai shayi. Wannan ya ce saki uku, wancan ya ce a ƙwace yaran yau yau. A Facebook kuwa mutanen Kano da Jidda, waɗanda ko a taswira ba su san Doka ba, har sun fara tsine wa uwar. Dangin matar su ma suka ɗora hoton a nasu zaurukan, wai ana neman tsangwamar yarinya saboda addininta. Mata sun rabu biyu. Wata maƙwabciyata ta ce mini, "Yaya, uwa ai abin da ke hannunta take ba ɗa. Shi da ya bar mata su, me ya bar musu?"

Ban ce uwar ta kyauta ba. Yin abu irin wannan a bayan idon miji cin amana ne, kuma duk Musulmin da ya ga 'yarsa a haka dole zuciyarsa ta yi zafi. Sai dai akwai abin da masu ihu ba su sani ba. A Katolika ba a ba yaro munawala sai an riga an yi masa baftisma, sai kuma ya yi watanni yana zuwa darasin koyon addini. Ke nan wannan ba aikin rana ɗaya ba ne. Watanni yarinya tana fita kowane mako, uba bai sani ba, baffanni ba su sani ba, gwaggonni da ke layi ɗaya da ita ba su tambaya ba.

Shekarun ma ba haka kawai suka zo ba. Tun 1910 Fafaroma Pius na 10 ya ce a fara ba yara Jibin da zarar sun kai shekarun hankali, wajen bakwai. Mu ma a shekara bakwai aka umarce mu mu fara sa yaro salla. Ashe gidan da ke da addini biyu, lokaci guda ɓangarorin ke miƙo hannu. Dokar cocinsu ta 1983 kuma ta ce ɗan Katolika da zai auri wanda ba nasu ba sai ya yi alkawarin iyakar ƙoƙarinsa wajen tarbiyyar 'ya'ya a kan addininsa, a kuma sanar da wanda zai aura. Mu a wajenmu ɗa bin uba yake yi. 'Yan uwa nawa ne suka zauna suka yi wannan magana kafin a shafa fatiha? Yawanci sadaki da kayan ɗaki ake tattaunawa, a ce sauran Allah zai gyara.

Masu cewa ya kai ƙara, e, dokar iyali ta Musulmi ta Sudan ta 1991 tana bayansa: uwar da ba addinin uba take bi ba, haƙƙinta na reno na faɗuwa idan yaro ya cika shekara biyar. Amma mu mutanen jihar Gadarif mun taɓa ganin inda irin wannan tafiya ke kaiwa. Ku tuna Maryam Yahya Ibrahim, 'yar wannan jiha. Ubanta Musulmi ne, ita ta ce ya bar gida tun tana ƙarama, uwarta Kirista 'yar Habasha ta rene ta. Ta girma ta auri Daniel Wani, ɗan Katolika. Sai a lokacin dangin uba suka tuna da ita, suka kai ta gaban hukuma. Ranar 15 ga Mayu 2014 kotu a Khartoum ta yanke mata hukuncin kisa kan ridda da bulala 100, tana da tsohon ciki. A kurkukun mata na Omdurman ta haihu. Duniya ta ɗauka, kotun ɗaukaka ƙara ta sake ta a watan Yuni, ranar 24 ga Yuli ta sauka a Roma ta gana da Fafaroma Francis, daga nan sai Amurka. A 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta soke dokar riddar gaba ɗaya. Dangin da suka ce suna son dawo da 'yarsu, ita da jikokin duka suka rasa.

Ranar da ɗan uwan namu ya dawo, samari suka kewaye shi a tasha kowa na zuga. Wani dattijo da ya daɗe a kasuwar hatsi ya ja shi gefe, ina kusa na ji. Ya ce, "Ɗana, yaushe rabonka da ka zaunar da ita ta biya maka Fatiha?" Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba, wallahi ban tuna ba." Dattijon ya ce, "To je ka gida tukuna, kada ka biya ta wurin kowa."

Ita yarinyar mako guda ke nan ba ta je makaranta ba. Yara sun ga hoton a wayoyin iyayensu, sun laƙaba mata suna. An ce tambayar da take ta yi wa uwarta ita ce ko Baba ya daina sonta.

An sa zama ranar Juma'a bayan la'asar, a zauren baffanta: uba, uwa, kawun matar, da limamin unguwa. Sharaɗin da dattijon ya kafa shi ne kowa ya bar wayarsa a waje. Maganar riɗi sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.