A Bar Mu Mu Gina Tebur a Ɗakin Kwamfuta

Mu 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare muna da magana a kan darasin kwamfuta. Muna roƙon a karanta har ƙarshe kafin a ce mun yi rashin kunya.

Tun muna aji ɗaya muke kwafar ma'anar kwamfuta daga allo. Mun haddace sunayen sassanta, mun zana maus da kibod a littafi, an duba an ba mu maki. Ranar da aka yi sa'a akwai wuta aka buɗe mana ɗakin, sai mu buga sunayenmu, mu canja wa haruffan launi, a kaɗa ƙararrawa. Ba mu raina wannan ba. Amma a hutun da ya wuce mun ga wani abu da ya hana mu yin shiru.

Yayan ɗaya daga cikinmu ya dawo daga jami'a da laftof, ya nuna mana wata manhaja mai suna Blender. Da ita ake gina siffofi masu tsawo da faɗi da kauri, waɗanda za ka iya juya su ka ga bayansu da ƙarƙashinsu. Da ka buɗe ta, abin da za ka fara gani shi ne kiyub, wato akwati mai kamar dunƙulen magi. Ya ce mu ƙirga. Muka samu ɗigo 8 a kusurwoyinsa, layuka 12 da ke haɗa ɗigogin, da fuskoki 6. Kowace fuska ita ake kira foligon, wato shimfiɗaɗɗiyar siffa mai gefe uku ko fiye. Motocin da muke gani a wasannin waya da gidajen da ke cikin katun, duk da irin waɗannan fuskokin aka harhaɗa su.

Ga yadda muka mai da akwatin nan tebur. Muka danna Tab don mu samu damar taɓa ɗigoginsa da fuskokinsa. Muka danna S sannan Z, muka matse shi ya zama kamar falanki. Da Ctrl da R muka yanka shi sau biyu a tsawo, sau biyu a faɗi, muka matsar da yankan kusa da baki. Sai ƙasan falankin ya rabu gida tara. Muka zaɓi ƙananan fuskoki huɗu na kusurwa, muka danna E, muka ja su ƙasa. Ga ƙafafu huɗu sun fito! Teburinmu na farko ƙafarsa ɗaya ta fito a tsakiya saboda mun zaɓi fuskar da ba ita ba. Mun sha dariya, Ctrl da Z suka mayar da mu baya, muka sake.

Mun san za a ce wannan ba ya fitowa a jarrabawa. To, ai malamin lissafi yana tambayar mu yawan fuskoki da gefuna da kusurwoyin kiyub da dala, kuma da yawa daga cikinmu haddacewa kawai muke yi, mu manta. Wanda ya juya kiyub da hannunsa ya ƙirga ba zai manta ba. Har wata ƙa'ida muka koyo ta Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan: ka ɗauki yawan ɗigogi, ka cire yawan layuka, ka ƙara yawan fuskoki, za ka samu 2. A kiyub, 8 a cire 12 a ƙara 6. Ba mu yarda ba sai da muka gwada da tsohuwar ƙwallon ƙafa mai fari da baƙi. Tana da faci 12 masu gefe biyar da 20 masu gefe shida, wato fuskoki 32, ɗigogi 60, layuka 90. Ku lissafa da kanku.

Za a kuma ce babu kuɗi. Blender kyauta ce. Ton Roosendaal, mutumin Holand, shi ya ƙirƙiro ta. A shekarar 2002 masu amfani da ita suka yi karo-karo suka tara Yuro 100,000 cikin mako bakwai, aka sake ta ga kowa. Ana iya ɗauko ta a filashi, kuma ba ta buƙatar intanet in an sa ta. Kada a ɗauka don kyauta ce wasan yara ce: fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin katun a 2025, da ita aka yi shi.

Maganar tsufan kwamfutocinmu kuwa gaskiya ce, ba za mu musa ba. Amma tebur da kujera da ɗaki ba su da nauyi, kuma tsofaffin samfurin manhajar suna nan don tsofaffin injuna. Abin da ke kashe kwamfuta shi ne haɗama. Mu ma mun yi ta. Mun so mu mai da kiyub ya yi sumul kamar tulu, muka yi ta raba kowace fuska gida huɗu: 6 suka zama 24, suka zama 96, suka zama 384. A karo na tara sun haura miliyan ɗaya da rabi. Laftof ta tsaya cik, ga shi ba mu adana aikin ba. Mai ita bai yi mana magana ba har la'asar.

Ranar da babu wuta ma ba sai an koma kwafar allo ba. Da tsinken tsintsiya da 'yan ƙwallayen laka za a iya haɗa kiyub da dala, laka ta zama ɗigo, tsinke ya zama layi. A nan ne za a ga cewa alwatika ba ta lanƙwashewa, amma murabba'i da an taɓa shi sai ya karkace.

Roƙonmu ga Shugaban makaranta da malamin kwamfuta shi ne a ba mu darasi ɗaya a kowane mako biyu, mu zauna uku-uku a kan kowace kwamfuta, a sa mu gina abu ɗaya mai sauƙi, a ba da maki a kansa. Masu tsoron za mu ɓuge da buga gem, a sa monita ya riƙa zagayawa. Mun manna farar takarda a ƙasan wannan rubutu. Duk mai goyon baya ya rubuta sunansa da ajinsa kafin ranar Juma'a, domin ranar za mu kai ta ofis.